Da Ɓawonsa Ake Ba Shi

Talibambam ɗina bai fi babban yatsa ba ranar da na saye shi. A Sabon Gari ne, a wani ɗan shago inda wani dattijo mutumin Wusasa yake sayar da kifin ado. Ni ba kifi ya kai ni ba, gilashin taga na je a yanko mini a shagon maƙwabcinsa, na tsaya ina jira. Duk kifayen shagon suna ta kai da komowa ba ruwansu da kowa, sai wannan guda ɗaya a cikin kwalba, ya tsaya cak a tsakiyar ruwa yana kallona. Na matsa hagu, ido ɗaya ya bi ni. Na matsa dama, ɗayan ya karɓa. Na ce, "Baba, wannan marar kunyar fa?" Ya ce talibambam ne, masunta suka kawo masa daga wajen Wudil, kuma shawararsa kada in saya.

"Saboda me?"

"Girma yake yi ba kaɗan ba. Ba ya zama da kowa, duk kifin da ka saka masa sai ya yanke masa wutsiya. Ga tsirfar abinci."

Duk wanda ya zauna da ni a Kantin Kwari, inda nake sayar da yadi, ya san halina. A ce mini kada in yi abu, to an gama sa ni. Na biya, aka ɗaure mini shi a leda. Har na juya Baba ya riƙo hannun rigata, ya ce abu ɗaya zai gaya mini, in na manta komai kada in manta shi. Haƙoran kifin nan huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, a manne kamar bakin aku, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu. Abin da yake rage su kawai shi ne tauna abu mai tauri. "Dodon koɗi, ƙaguwa, duk abin da za ka ba shi, da ɓawonsa. Ka ji ni? Da ɓawonsa." Na ce na ji, har da ɗan ƙosawa.

Baba bai yi ƙarya ba. Cikin shekara huɗu sau uku ina sauya masa mazauni. Na ƙarshen tankin gilashi ne mai tsawon doguwar kujera, sai da maza shida suka shigo da shi falonmu a Fagge, matata tana tsaye tana tambayar ko mu ne za mu koma tsakar gida. Kifin ya kusa rabin yadi, jikinsa zane-zane rawaya da ja mai duhu, cikinsa fari sol, idanun nan jajaye. Saboda shi na sa sola a gidan, don injin tace ruwansa kada ya tsaya in an ɗauke wuta. In zafi ya tsananta ƙanƙara nake sayowa in jefa masa a cikin leda. Kowace Asabar kuwa ina cikin kasuwar Sabon Gari da bokitina, a layin matan da suke sayar da dodon koɗi da ƙaguwa, suna tsokanata wai Alhaji ya gano daɗi yana fakewa da kifi. Duk ban damu ba. In na dawo daga kasuwa da ciwon kan masu taya yadi, na yi sallama, sai ya taso daga cikin yashi ya zo ya manna baki a gilashi, 'yan fukafukansa suna kaɗawa. Ina son kifin nan, ba na jin kunyar faɗa.

Yanzu ina ba da labarin nan hankalina kwance, wani wurin har da dariya, don Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. A lokacin ba haka ba ne.

Inna, mahaifiyata, ta dawo gidanmu da zama bayan gwiwoyinta sun matsa mata. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna irin mutanen dauri ce, kunyar ɗan fari take yi sosai. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na durƙusa na gaishe ta, amsawa take tana kallon bango. In tana son wani abu a wurina, matata take gaya wa, ko da ina zaune a wurin: "A ce wa mutumin nan maganina ya kusa ƙarewa." Ni ma haka na tashi, ban iya doguwar magana da ita ba. Duk bakina da ake tsoro a kasuwa, a gaban Inna kalma biyar ta yi mini yawa.

Ranar farko da ta ga kifin ta yi a'uziyya, ta ce wannan mai idon mutane a rufe shi da zane. Amma falon nan ne wurin zamanta, tunda nan fanka take, ga shi ni ina kasuwa, matata tana makarantar da take koyarwa har azahar. Daga Inna sai kifi. Ba a yi wata guda ba ya fara tasowa in ya ga ta shigo tana dogara sanda. Ita kuma ta sa aka jawo mata kujera kusa da tankin. Rannan matata ta ce mini Inna ta ce in ba damuwa ita za ta riƙa ba shi abinci. Na ji daɗi ƙwarai. Ciniki ya buɗe a lokacin, fita nake da sassafe, ga shi tsohuwa ta sami abin ɗebe kewa. Na ce, "Ki nuna mata inda bokitin yake." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Maganar ɓawo ko a raina ba ta zo ba, don a ganina wa zai zauna yana ɓare wa kifi dodon koɗi?

Watanni suka wuce kafin in lura. Da farko gani na yi bakinsa ba ya rufuwa daidai, haƙoran sun leƙo waje, na ce girma ne. Sai na ga cikinsa ya fara shafewa. Daga baya ko tasowa ya rage, sai dai ya kwanta a kan yashi ya bi ni da ido, launinsa ya dushe. Na ɗora laifin a kan ruwan burtsatse, na sauya ruwa. Na ɗora a kan injin, na kwance shi na wanke. Na je na yi wa matar da nake sayen dodon koɗi a wurinta tas, na ce ruɓaɓɓe take ba ni, baiwar Allah ta yi ta rantsuwa. Har yau in na tuna ina jin nauyinta.

Wata Juma'a matata ba ta je makaranta ba, ni ma ban fita da wuri ba. Na fito tsakar gida da hantsi sai na ji ƙwas, ƙwas, a hankali. Inna ce zaune a kan tabarma, da ɗan turmin daka yaji a gabanta. Ta ɗauki dodon koɗi ta fasa, ta sa tsinke ta zaro naman, ta tsince ɓaraguzan ɓawon ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauraye a ruwa, ta sake ɗaurayewa, sannan ta yayyanka shi ƙanana da reza. Inna fa, wadda a da ko da sanda ba za ta taɓa dodon koɗi ba. A bayan ƙofa na hango wani buhu, cike da ɓawo har baki.

Kaina ya yi zafi nan take. Na wuce kicin na sami matata.

"Tun yaushe ake wannan?"

"Tun makon farko."

"Kuma kina gani?"

"Ina gani." Ta ajiye wuƙar da ke hannunta. "Ni ce zan ce wa Inna ba haka ake yi ba? Ko ƙararta zan kawo maka? Sau ɗaya na faki idonta na jefa masa mai ɓawo, ta sa ludayi ta tsamo shi. Ta ce ita da ba ta da turame a baki ta san azabar a miƙo maka abu mai tauri, ba za a kulle bawan Allah a gilashi kuma a ba shi dutse ya ci ba. Ni kuma wallahi ban san illa ba ce, na ɗauka gata ne."

Da na yi shiru a nan da an zauna lafiya. Amma ina, bakin nan nawa. Na ce gatan ne zai kashe shi, haƙoransa sun toshe masa baki, shekara huɗu ina wahala an zo an kashe mini shi da tausayi. Da ƙarfi na faɗa, kuma kicin ɗinmu ba shi da ƙofa. Sai na ji ƙarar turmin ta tsaya. Da na leƙo, Inna tana ƙoƙarin miƙewa da sandarta. Ba ta dubi kowa ba, ta shige ɗakinta ta saki labule.

Daga ranar ba ta ƙara zama a falo ba. Abinci kuwa, matata ta ce sai dai ta taɓa ta turo kwanon. Nan na gane abin da na jawo. In kifin nan ya mutu, Inna za ta ɗauka ita ta kashe shi, kuma daga bakina ta ji, ba wanda zai iya cire mata wannan.

Washegari na tafi wurin Baba mai kifi na nuna masa hoton a waya. Ya daɗe yana kallo. Bai ce ai na gaya maka ba, na kuma gode masa a raina. Ya ce haƙoran sun haɗe, ko an ba shi mai ɓawo yanzu ba zai iya buɗe baki ya kama ba, yunwa ce za ta kashe shi a hankali. Hanya ɗaya ce, a yanke su. Ana ɗiga man kanumfari a ruwa, kifin ya yi barci, a yanke da sauri, a mayar da shi ruwa mai kyau. In man ya yi yawa ba zai farka ba. In aka ɗaga shi sama ya haɗiyi iska ya kumbura, wata sa'a ba ya iya fitar da ita. Sannan ya miƙo mini hannuwansa biyu in gani, suna rawa. Ya ce awon man dai zai yi, amma yanka ba shi ba.

Likitan dabbobin da na sani ya ce shi shanu da kaji ya sani. Ni kuwa na san kaina, mai gaggawa ne, zan iya haɗawa da leɓen. Ina zaune a shago ina ta saƙa da warwara sai ga Malam mai yankan farce ya zo wucewa da 'yar jakarsa. Tsoho ne siriri, ya fi shekara goma yana yanke mini farce. Na sha ganin ya zaro farcen da ya nutse a naman ƙafar ɗan dako, mai kauri kamar ƙaho, ko ɗigon jini babu. Na kira shi na yi masa bayani.

"Kifi, Alhaji?"

"Kifi, Malam."

"Mai rai?"

"Ai shi ya sa nake neman ka."

Ya goge almakashinsa. Can ya ce shi ba ya yanka abin da bai gani ba, sai ya duba tukuna, in ya ga ba zai iya ba zai faɗa.

Ranar Lahadi da safe suka zo, Baba a adaidaita sahu bayan ya taso daga coci, Malam a ƙafa. Matan gida suka koma ciki. Muka jera baho biyu a falo, ɗaya da ruwan tankin zalla, ɗaya Baba ya ɗiga masa man kanumfari yana ƙirgawa a hankali, falon duk ya ɗauki ƙamshi kamar ana dafa kunu. Malam ya tsuguna a gaban gilashin ya kai minti goma yana kallon bakin kifin, kifin ma yana kallonsa. Sannan ya buɗe jaka ya ware wata ƙaramar filaya da yake yanke farcen ƙafa da ita, ya ce a tafasa masa ita.

Da bokiti na kamo kifin, don kada ya bar ruwa. Tsoro ya sa ya zuƙi ruwa ya kumbura ya zama kamar ƙwallo, 'yan ƙayoyin jikinsa duk suka miƙe. Shekara huɗu ban taɓa ganin ya yi haka ba, tausayinsa ya kama ni. Baba ya ce a jira. Muka jira har ya sace, sannan na juye shi a bahon kanumfari. Ya zaga sau biyu, fukafukan suka rage gudu, ya karkata gefe guda, idanun suka tsaya.

"Yanzu," in ji Baba.

Na naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyallen auduga da na yanko daga shago, na tallafo shi yadda bakin kawai ya fito daga ruwa. Sai a lokacin na ji yadda ya rame, duk ƙashi. Malam ya yi bisimilla, ya sa ɗan yatsa ya janye leɓen, ya saita filayar. Ƙas. Wani ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa ya faɗo. Ya sake saitawa. Kaɗan-kaɗan yake ɗauka, yadda yake yi wa farce, ba ya yarda ya ci da yawa a lokaci guda. Baba yana duba agogo yana cewa a hanzarta. Malam ko ɗago kai bai yi ba. Ya gama na sama ya koma na ƙasa. Gumi yana shiga mini ido ba hannun sharewa. Baba ya ce, "Ya isa haka, lokaci ya tafi." Malam ya ce, "Saura gefe ɗaya, in na bar shi da kaifi zai yanke kansa." Ya ɗauko ɗan magogin farce ya shiga gogewa a natse. Wallahi saura kaɗan in daka masa tsawa. Na cije, don tsawata ce ta kawo mu inda muke.

Da ya ce ya gama, na tsoma kifin a baho mai ruwa mai kyau. Ya kwanta a tafin hannuna kamar tsumma. Baba ya ce in riƙa tura shi gaba ina dawo da shi, ruwa ya ratsa shi. Na yi ta yi. Ba motsi. Na ɗaga kai don kada su ga idona, sai na hango ƙasan labulen ƙofar ciki. Ƙafafun Inna ne a wurin, da gindin sandarta. Matar da tsayuwar minti biyu take gagara, ban san tun yaushe take tsaye ba.

Na ci gaba da turawa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Can na ji wani ɗan motsi a tafina, kamar an taɓa ni da gashin kaza. Fuffuken gefe ne. Sai ido ɗaya ya juyo ya tsaya a kaina. Baba ya sauke numfashi ya ce, "Mun gode Allah." Malam ya ce, "Alhamdu lillahi," yana tattara kayansa kamar ba abin da ya faru. Ya tsince guntayen haƙoran, ya ƙunshe a 'yar takarda ya miƙo mini in binne, yadda yake yi in ya yanke mini farce. Ni dai zama na yi daɓas a ƙasa, wandona sharkaf da ruwa, ina dariya ba dalili.

Sai dai Baba ya ce kada in yi murna tukuna, sai ya ci. Kwana biyu kifin yana kwance a kusurwa yana fushi da kowa. Na jefa masa nama mai laushi, ya kalla ya kau da kai. Inna kuma ba ta fito ba, kwanonta yana dawowa yadda aka kai shi. A rana ta uku na ga ya taso yana hura yashi da baki, alamar yana neman abinci. Na ɗauko bokitin har na sa hannu, sai na fasa.

Na je ƙofar ɗakin Inna na durƙusa. Matata ta biyo ni don ta isar da saƙo kamar kullum, na yi mata alama ta bari.

"Inna, laifina ne. An gaya mini tun ranar da na saye shi, ni ne ban faɗa ba. Kuma na yi magana yadda bai kamata ba. Ki yafe mini."

Can ta ce, tana kallon bango, "A ce masa ni na kusa kashe shi."

"Ba sai an ce mini ba, Inna, ina ji. Watanni kina wanke masa abinci da hannunki, ni ko sau ɗaya ban taɓa ba. Ya tashi yana nema. Ki zo ki ba shi, hannunki ya sani."

Ban taɓa yi mata magana mai tsawon wannan ba. Sai ta lalubo sandarta.

Da kifin ya hango ta ya taso ya manna baki a gilashi. Ta tsaya tana duban haƙoran. Na miƙa mata bokitin, ta yi ta tonawa har ta zaɓo mafi ƙanƙanta a ciki, ta jujjuya shi a hannu, na ga babban yatsanta yana danna ɓawon yana gwada taurinsa. Ta sake shi a ruwan, ta yi sauri ta juya wa tankin baya.

Dodon koɗin ya sauka a kan yashi. Kifin ya zagaya shi, ya hura masa ruwa ya mirgina, ya karkata kai ya dube shi da ido ɗaya. Ya buɗe baki, ya buɗu sosai, ya ɗauka. Ƙarar ta fito ta cikin gilashi da ruwa har inda muke tsaye, ƙurus, ƙurus. Kafaɗun Inna suka ɗaga kamar ita aka tauna.

"Ya ci?" ta tambayi matata, ba ta juyo ba.

"Ya ci, Inna. Ga ɓawon can yana furzarwa."

"Bai ji ciwo ba?"

"Ga shi ma yana neman ƙari."

Inna ta laluba kujerarta ta zauna. Ta ja gefen mayafi ta goge fuska, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta miƙo hannu aka ba ta bokitin ta ɗora a cinya, ta ce wa matata, "In akwai sauran tuwon jiya, a ɗumamo mini."